Fom Ɗin Da Ke Haɗiye Labari



Mu da muka karanci kimiyyar kwamfuta kuma muke taɓa rubutu, akwai ƙorafin da ake yawan kawo mana. Mutum ya shafe awa guda yana cike fom ɗin shiga gasa, ya danna aikawa, sai a ce ya sake sa kalmar sirri. Yana shiga ya tarar da fom wayam, babu labari babu dalilinsa. Wani kuma nasa ya tafi sau biyu. Nan take a ɗora wa netwok laifi, alhali sau da yawa ba ruwansa.

Burauza tana magana da sabar ta manyan hanyoyi biyu. GET na nufin a ba ni shafi kaza, POST kuma na nufin ga saƙo a karɓa. Sabar ba ta gane fuskar kowa, sai da 'yar shaidar da ta ba mu lokacin shiga, kuma shaidar tana da wa'adi. A tsohon tsarin ASP.NET minti 30 ne idan ba a canza ba. Duk tsawon lokacin da muke buga rubutu, babu abin da ke isa wurinta, don haka a ganinta mun tashi.

Idan wa'adin ya cika, sai ta amsa POST ɗinmu da lambar 302, wato a koma shafin shiga. Burauza ta bi da GET, ta zubar da kayan da ta ɗauko. Bayan mun shiga, da GET za a mayar da mu, sai a ɗauke mu sabbin baƙi a miƙo mana fom fanko.

Aikawa sau biyu kuwa tana faruwa ne idan sabar ta amsa POST da shafi kai tsaye. Ana sabunta shafin, saƙon ya sake tafiya. Maganinsa mai gina manhaja ya tura mutum gaba da lambar 303. Ita 307 tana riƙe POST yadda yake, har ta kai kalmar sirri inda ba a aike ta ba.

Wajen bincike ba ma yin hasashe. Mukan danna F12, mu buɗe sashen Network, mu hana jerin gogewa, sannan mu bi shi layi-layi: wace hanya, wace lamba, ina aka tura. Abin da ya faru muke karantawa, ba abin da muka yi niyya ba. Haka ma muke so a riƙa duba labari kafin a sake shi.

Shawararmu ita ce kada ku rubuta labari a cikin fom. Ku rubuta a wani wuri ku adana, ku shiga sabo, ku liƙa, ku aika. Idan burauza ta tambaya ko a sake aikawa, ku dakata ku bincika tukuna.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.