Eden-Roc: Gidan Abincin Bakin Teku Inda Taurarin Fim Ke Ƙulla Harka

Duk mai bin labarin bikin finafinai na Cannes da ake yi a ƙasar Faransa cikin watan Mayu ya saba ganin hotunan jan kafet, da jarumai suna hawa matakala suna ɗaga wa jama'a hannu. To amma mai karatu, da zarar an kashe fitilun 'yan jarida, manyan ba sa tsayawa a cikin gari. Motoci ne da ƙananan jiragen ruwa ke kwasar su zuwa wani tsauni da ya kutsa cikin Bahar Rum, mai suna Cap d'Antibes, tafiyar kamar rabin awa daga Cannes in babu cunkoso. A can ne otal ɗin Hôtel du Cap yake, tare da gidan abincinsa na bakin ruwa, wato Eden-Roc. Wanda aka gayyata cin abinci a nan, to ya san ya shigo sahu.

Asalin ginin ba otal ba ne. Wani ɗan jarida ne, Hippolyte de Villemessant, mai jaridar Le Figaro, ya sa aka gina shi a 1870 don marubuta su samu wurin hutawa. Abin bai yi tasiri ba, gida ya zama kango. Sai wani Ba'italiye mai suna Antoine Sella ya karɓe shi, ya gyara, ya buɗe shi a matsayin otal a 1889. A 1914 ne ya gina rumfar Eden-Roc a kan duwatsun gaɓar teku, ya kuma sa aka fasa dutse da nakiya aka yi kwamin wanka a ciki. Wannan kwamin har yau yana nan, kuma da wuya ka ga hoton wurin babu shi.

A wancan zamani masu kuɗi da hunturu suke zuwa kudancin Faransa, in zafi ya shigo kowa ya watse. Wasu ma'aurata Amurkawa, Gerald da Sara Murphy, su suka lallashi Sella a 1923 ya bar ƙofa a buɗe lokacin zafi. Abokansu suka biyo su, ciki har da mai zane Picasso da marubuci Scott Fitzgerald. Yanzu abin ya juye: otal ɗin daga Afrilu zuwa Oktoba yake aiki, da sanyi kuma a rufe. Tun 1969 yana hannun iyalan Oetker, wasu attajiran Jamus da suka yi suna da sayar da hodar yin burodi da kek.

Daga babban ginin otal, wata doguwar hanya ce miƙaƙƙiya ta gangara tsakanin itatuwa har bakin ruwa. Ƙarshenta shi ne gidan abincin. An yi shi kamar jirgin ruwa da ya jingina da dutse, farar baranda a sama, igiyar ruwa na dukan dutse a ƙasa. Mai cin abinci yana hango tsibiran Lérins, da manyan jiragen shaƙatawa na attajirai sun yi cirko-cirko. Wasu baƙin ma ba sa bi ta ƙofar titi, ƙaramin kwalekwale mai inji ke sauke su a matakalar ruwa, su hau kai tsaye zuwa teburinsu. Su kuwa masu ɗaukar hoto da aka hana shiga, sai su yi hayar nasu kwalekwalen, su tsaya daga nesa da dogayen kyamarori suna jiran sa'a.

Abincin yankin na mutanen bakin teku ne: kifi gasasshe, jatan lande, man zaitun, tumatir, tafarnuwa da ganyaye masu ƙamshi. Da rana akan jera abinci kala-kala, kowa ya ɗebi abin da ransa ke so. Da dare kuwa sai a koma ɗakin da ake kira Louroc, wanda ya samu tauraron yabo na Michelin a 2021, inda ake kawo abinci kaɗan-kaɗan, faranti bayan faranti, har mutum ya shafe awa biyu ko uku a zaune. Bafaranshe ba ya gaggawa a kan tebur. Musulmin da ya samu kansa a irin wannan wuri kuwa sai ya buɗe baki ya yi tambaya, domin Faransawa na zuba giya a cikin miya kamar yadda ake jefa daddawa, kuma naman alade kan ɓuya a cikin abin da ba a zata ba. Kifi gasasshe da ganye shi ne mafita.

Wani abin dariya shi ne, har zuwa 2006 otal ɗin ba ya karɓar katin banki. Komai girman jarumi, sai dai ya zo da tsabar kuɗi ko ya turo ta banki tun kafin ya iso. Tirƙashi!

To me ya sa furodusoshi ke kashe maƙudan kuɗi su kama wuri a nan? Dalili shi ne, Cannes kasuwa ce kafin ta zama biki. Tun 1959 ake cin kasuwar finafinai a gefen gasar, inda masu rarraba fim na ƙasashe ke sayen haƙƙin nunawa, wani lokaci ma tun fim ɗin yana kan takarda. A ofis, furodusa minti goma zai samu da mai kuɗi. A kan tebur kuwa yana da dare guda, ga jarumar fim ɗin a gefe, ga teku, ga iska. Shi ya sa tsarin zama ya fi abincin muhimmanci: wa za a ajiye kusa da wa, wa za a raba da wa. Kamfani kan kama baranda ko fili tun watanni kafin biki, a buga katin gayyata, a ba masu gadi jerin sunaye. In babu sunanka, ko kai wane ne, sai dai ka juya.

Taron da ya fi kowane tashe shi ne liyafar amfAR, gidauniyar Amurka mai tara kuɗin binciken cutar ƙanjamau. Jaruma Elizabeth Taylor ce ta jagoranci fara liyafar a 1993, a wani gidan abinci da ke garin Mougins, kafin a dawo da ita Hôtel du Cap a 2009. Ana cin abinci, mawaƙa na waƙa, sannan a shiga gwanjo, wanda Sharon Stone ta daɗe tana jan ragamarsa. A 2014, shekarar da Aishwarya Rai da maigidanta Abhishek Bachchan suka halarta, an yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wata giwar zamanin da mai gashi, wanda mai fasaha Damien Hirst ya lulluɓe da ruwan zinari. Yuro miliyan 11 aka saye shi. A daren nan kaɗai an tara sama da dala miliyan 30. Haka kuma ake ɗaurin aure da walima a wurin: a Afrilun 2023 Sofia, 'yar mawaƙi Lionel Richie, a nan aka sha bikinta.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A Mayun 2013, kamfanin kayan ado na de Grisogono ya shirya liyafa a otal ɗin, aka watse, aka nemi wata sarƙar lu'ulu'u ta kusan yuro miliyan 2 aka rasa, duk da tarin masu gadin da aka zuba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Shekara da shekaru, furodusan Holiwud Harvey Weinstein na cikin masu faɗa a ji a waɗannan liyafofi. A 2017 jaruma Asia Argento ta Italiya ta fito ta ce a 1997, tana da shekara 21, an gayyace ta wata liyafar kamfanin fim a otal ɗin, da ta je sai ta tarar babu wata liyafa, ɗaki ne kawai da Weinstein a ciki, kuma ya ci zarafinta. Shi ya musanta cewa ya taɓa tilasta wa wata mace. Amma mata da dama sun fito da irin wannan zargi, kuma kotu a Los Angeles ta same shi da laifin fyaɗe a 2022 a shari'ar wata matar daban. A 2018 Argento ta tsaya a dandalin rufe bikin Cannes ta maimaita zarginta a gaban manyan masana'antar. Ke 'yar'uwa mai burin zama jaruma, wannan darasi bai tsaya a Faransa ba. Gayyatar da aka ce ki zo ke kaɗai, da dare, don a tattauna rol, ba gayyatar aiki ba ce. Furodusan kirki yana da ofis, yana da takardar yarjejeniya, kuma ba ya jin haushi don kin zo da yayanki.

Abin tambaya, ta ina ɗan Afirka ke shiga wannan da'ira? Amsar ita ce ta hanyar aikinsa. Oumarou Ganda na Nijar ya kai fim ɗinsa Cabascabo Cannes a 1969. Souleymane Cissé na Mali ya ci kyautar alƙalai da Yeelen a 1987, Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya ci irinta a 2010. A 2025 kuma My Father's Shadow na Akinola Davies Jr. ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya shiga zaɓaɓɓun finafinan bikin. Babu ɗayansu da ya sayi hanya da kuɗin tebur; fim ne ya yi musu iso, katin gayyata ya biyo baya. Saura 'yan fim ɗin Hausa. Ranar da darakta daga Kano ko Kaduna ko Jos ya kai labari mai nauyi, da hoto mai kyau, da sauti tsaf, kujerarsa na nan a bakin teku tana jiran sa. Allah ya nuna mana.