Ajiyar Kayan Sanyi Kafin Damina

Jama'a, hunturu ya yi sallama, hazo ya washe, hadari ya fara haɗuwa. Lokaci ya yi da za mu naɗe suwaita da bargo da safar yara mu ajiye, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Kakanninmu da suka zo Gana da fataucin goro sun bar mana al'adar ajiya irin ta Arewa: a ninke gwado, a sa a adaka, a rufe sai baɗi. To amma mu mazauna zangunan Kumasi da Ankara, ƙasarmu daban ce. Sanyinmu gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwa kuwa yana sauka tun watan Maris, ya yi ƙarfi a Yuni, sannan ya sake dawowa daga Satumba zuwa Nuwamba. Ashe kayan nan za su kwana wata tara a cikin laima. Shi ya sa sau da yawa mukan buɗe akwati mu tarar da funfuna ta yi musu tabo, asu kuma ya huda ulu.

Maganin ba shi da tsada. Mu wanke komai tukuna, don gumi da maiƙon man kaɗanya su ke jawo ƙwari. Mu shanya a rana har ya bushe ƙayau. Kada mu ɗaure a leda, domin leda tana riƙe danshi; tsohon zane mai tsabta ya fi. Mu ɗora akwati a kan katako, nesa da bango. In rana ta buɗe a watan Agusta, mu fito da kayan su sha iska. Busasshen ganyen dogon yaro tsakanin ninki yana taimakawa wajen korar ƙwari.

Sai maganar kafur, wadda ta fi duka muhimmanci. Farin kafur ɗin kasuwa yakan ƙunshi sinadarin naftalin. Yaran Afirka ta Yamma da yawa, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin wannan jariri, in aka lulluɓe shi da tawul mai warin kafur, ƙwayoyin jininsa na iya fashewa, shawara mai tsanani ta kama shi. Don haka iyaye mata, kayan jarirai a ware musu wurinsu, ba kafur ko ɗaya.

Kada kuma mu ce ai gwanjo na nan da araha. Gobarar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar Kantamanto a Janairun 2025, tsakiyar hunturu, ta nuna mana cewa abin da ke hannu shi ne namu.

Wanda ya yi wa yaranmu kaɗan kuwa, kada ya ruɓe a akwati. Maƙwabta da marayu suna bukata. Allah ya nuna mana hunturun baɗi lafiya, amin.