Kukan Katakon Motar Baba

Duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san motar Baba, Allah ya jiƙansa. Marsandi ce 911, mai gajeren hanci da bodin katako, irin waɗanda kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Inugu tun daga 1980. Ta hannu ya saye ta, ina ɗan firamare. Tun da na yi wayo nake jin katakon bayanta yana kuka, ƙiii-ƙiii, da zarar ta hau gargada. Inna ta ce tun motar tana nesa take gane kukan, sai ta miƙe ta ɗora ruwan wanka.

Da wannan kukan muka bar gari a ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Ba sai na tuna wa kowa ba, da yawa daga masu karanta wannan a bayan motar suka tsaya, an cunkushe kamar buhunan masara. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu mai magana, har yara sun yi tsit, katakon kaɗai ke ta surutu har muka tsira.

Bayan rasuwar Baba motar ta dawo hannuna, ina ɗaukar hatsi, wani lokaci shanu daga kasuwar Mubi. A hunturun bara kukan ya canja. Da can siriri ne, yanzu ya haɗa da wani ƙas-ƙas mai nauyi daga tsakiya. Yaya ya ce in daina wahalar da kaina, a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, ko a cire katakon a yi mata bodin ƙarfe. Mun yi sa-in-sa sosai, har kwana uku ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Gaskiya yana da hujja, gado ne na mu duka, kuma mota mai shekara kusan arba'in ba ta rasa ciwo. Na roƙe shi wata guda.

Dabarar farko tawa ce, kuma ta banza. Na samo ƙusoshi manya na bi katako ɗaya-ɗaya ina dokawa. Kwana biyu shiru, rana ta uku kukan ya dawo, ga katako biyu sun tsage. Sai na kai ta wurin wani tsohon kafinta a Mubi wanda ya yi zamani yana haɗa bodin manyan motoci. Ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya ce in hau sama in riƙa taka katakon ina tsalle. Da ya fito ya kalle ni ya ce, “Yaro, wa ya ce maka ana buga wa mota ƙusa? Ɗaki ce?”

Abin da ya koya mini ke nan, kuma na ga ya dace masu tsofaffin motoci a nan su ji. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke. Duk zagayowar shekara ramin noti yana ƙara faɗi kaɗan, notin ya saki. Ita kuma mota, ƙarfen gindinta yana murɗawa ne a kan hanya, ba a sandare yake ba, musamman a hanyoyinmu na gindin dutse. To katakon da ya saki sai ya riƙa gogar ɗan'uwansa, yana gogar ƙarfe, yana gogar notin kansa. Gogar nan ita ce kukan. Ƙusa ba ta iya riƙe abin da ke murɗawa, sai dai ta zare ko ta tsaga.

Muka kwance daɓen gaba ɗaya. Kafin a cire kowane katako sai ya rubuta masa lamba da alli, don kowa ya koma mazauninsa. A nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Ɗaya daga gungumen da ke kwance a gicciye, waɗanda daɓen yake zaune a kansu, ya ruɓe ta ciki. Fitsarin shanu na shekaru ya bi ramin noti ya sauka, ya cinye itacen, notin kuma tsatsa ta mai da shi kamar tsinke. Da yatsa kafintan ya tona shi. Wato ƙas-ƙas ɗin da nake ji ke nan. Na tuna ko sati biyu ba a yi ba da na ɗauko mata 'yan biki a kan wannan wurin. Ban iya cewa komai ba, sai salati.

Maɗaci ya sa muka nema a madadinsa, busasshe, wanda ya daɗe a ajiye. Ya ce ɗanye zai tsuke ya sake sakin noti kafin shekara. Na tambaye shi madobiya, sai ya yi dariya, ya ce wadda aka kwashe daga dazukan Taraba da Adamawa aka kai China? Ko an samu, kuɗinta ya fi ƙarfina.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Muka yanka tsohuwar robar cikin taya tsiri-tsiri, muka shimfiɗa a duk inda katako zai zauna kan gungume ko kan ƙarfe. Gefen kowane katako aka goge shi da kakin zuma, kyandir ma yana yi in babu. Noti sababbi, kowanne da wosha mai faɗi don kada ya nutse cikin itace. Ya bar 'yar tazara tsakanin katako da katako, kaurin ashana, saboda kumburin damina da kuma ruwa ya samu hanyar fita. Na so in shafe daɓen da baƙin mai kamar yadda direbobi ke yi saboda gara, ya ce ta ƙasa kaɗai, kuma nesa da robar, don mai yana lalata roba, hatsi kuma yana ɗaukar wari. Ya ce in sake bin notocin da sufana bayan mako biyu, sannan duk tsakiyar hunturu, lokacin da itace ya fi bushewa.

Na kai wa Yaya guntun ruɓaɓɓen gungumen. Ya juya shi a hannu ya daɗe, sannan ya tambayi nawa aikin ya ci, ya biya rabi. Maganar sayarwa bai janye ba, ya dai ce a bari sai bayan kaka.

Ranar da na dawo da motar gida, na tsaya a ƙofa, na kashe inji, na yi sallama. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta ɗago a firgice ta ce, “Kai, yaushe ka iso? Ban ji motar ba.” Na ce an gyara ta ne, Inna, ta daina kuka. Ta ce, “To, madalla. Allah ya tsare hanya.” Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta fita ta duba ba.