Tsakanin Ƙarfe Goma da Ƙarfe Biyu, Awa Nawa Ne?

Yau labarin wani kuskurena zan ba ki, ko Allah zai sa ki tsira daga irinsa.

A daminar bara zazzaɓi ya kama 'yar autata. Na ba ta farasitamol da ƙarfe 10:40 na dare. Can da 2:15 na farka na ji jikinta rau kamar garwashi. Cikin magagin barci na ɗebe 2:15 daga 10:40, na samu awa takwas da 'yan mintoci. Har na tsiyaya maganin a cokali sai maigida ya riƙe hannuna, ya ce, “Malama, ƙirga da yatsunki mana.” Da na ƙirga sai gabana ya faɗi, ashe ko awa huɗu ba a cika ba! Alhali maganin nan ba a maimaita shi sai bayan awa huɗu aƙalla, ba a wuce sau huɗu a awa 24, domin yawansa yana lahanta hanta.

Ni da na yi kwaleji, nake koyar da lissafin rabon gado a Islamiyya, ga shi agogo ya kayar da ni. Dalili kuwa, agogo ba kuɗin cefane ba ne. In ya kai 12 sai ya koma 1, kuma awa minti 60 ce, ba 100 ba.

Don haka kada ki ɗebe, ki bi agogon gaba. Daga 10:40 zuwa 11:00, minti 20. Daga 11:00 zuwa 2:00, awa uku. Sai ragowar minti 15. Jimla awa uku da minti 35. Ke nan sai 2:40 ya kamata in sake ba ta.

Haka za ki gano sulusin dare na ƙarshe, lokacin da hadisi ya kwaɗaitar da mu yin addu'a. A ce magariba 6:30, alfijir 5:00. Tsakaninsu awa goma da rabi, wato minti 630. Ki raba uku, minti 210, wato awa uku da rabi. Ki ja baya daga alfijir, sulusin ya fara 1:30.

Tun daga ranar nake rubuta lokacin kowane cokali a jikin kwalin maganin. Ke ma ki ajiye biro kusa da shi. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.