Unguwar Da Ba Ta Da Zaure

Duk wanda ya tashi a Makarfi ko Kudan ya saba da hayaniya: masu rake na ciniki, 'yan talla na kira, yara na guje-guje. Don haka da na je hutu wurin kawuna a Zariya, sai na keɓe wata Lahadi da la'asar na zaga tsohuwar unguwar Turawa, wadda ake kira G.R.A., a ƙasa, ni kaɗai.

Manyan itatuwa sun yi wa tituna rumfa, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Na yi tafiyar kusan sa'a guda, ban sami wanda zan yi wa sallama ba sai masu gadi biyu. Gida bayan gida, doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe a rufe. Babu zaure, babu dakali.

Wannan shiru yana da asali. A tsarin birane na Gwamna Lugga, na shekarar 1917, akan bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin sauro. Mulkinsu ya ƙare a 1960, amma nesanta da juna ta zauna.

To, 'yan'uwana ɗalibai, yawancinmu irin waɗannan gidaje muke buri in mun gama karatu. Sai dai a garuruwanmu in mutum ya kwanta ciwo, kafin azahar maƙwabta sun cika zaurensa. A can fa, wa zai sani? Wanda Allah ya hore wa gini a cikinmu, don Allah ya bar wa baƙo zaure da tabarma.