Mai motar abinci da izinin kwana kaɗan

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da a ke yi da mota. Mota ce babba mai rufi, an mai da cikinta madafa. Akwai murhu da tukwane, akwai tankin ruwa da akwatin sanyi na ajiye nama. A gefe an fasa taga. Mai dafuwa tana ciki, masu saye suna waje sun yi layi. In ciniki ya ƙare a nan, sai ta tada mota ta nufi wani wuri. Kamar mai tuwo ce ta bakin tasha, sai dai ita wannan rumfarta tana tafiya.

Ba ko'ina a ke barin motar ta tsaya ba. Kowane gari da dokarsa. Sai ma'aikatan lafiya sun duba madafar sun ba da takarda. A birnin Shikago ma an hana motar abinci ta tsaya kusa da ƙofar gidan abinci, sai ta ba da ratar mita 60.

Amurka tana da jihohi 50, kowace da gwamnanta. A ɗaya daga cikinsu, jihar Ohayo, akwai wata mace mai wannan sana'a. Gasasshen nama ta ke sayarwa cikin burodi, da soyayyen dankalin turawa. Ita ke dafawa, mijinta ke tuƙi da karɓar kuɗi. Motar kuwa da bashin banki suka saye ta, kowane wata suna biya.

Sana'ar tana da lokacinta kamar noma. A can sanyi yana da tsanani, ƙanƙara na rufe ƙasa, ba mai tsayawa waje don ya sayi abinci. Wata uku ko huɗu mota tana ajiye, ana cin abin da aka tara. Watan Maris shi ne farkon daminarsu. A lokacin ne a ke fara bukukuwa da wasanni, ma'aikata kuma su fito neman abincin rana. A lokacin ne kuma rumbu ya ke yin ƙasa. Duk manomi ya san wannan hali.

To a daidai wannan lokaci, cikin shekarar 2020, cutar korona ta bazu a ƙasar. Ran 13 ga Maris shugaban ƙasa Donald Trump ya yi shelar cewa an shiga halin gaggawa. A Ohayo gwamna Mike DeWine ya hana babban taro. Aka rufe lakwal. Ran 15 ga wata aka hana zama cikin gidajen abinci, sai dai mutum ya saya ya tafi da shi gida. Mako guda bayan haka aka ce kowa ya zauna gidansa.

Ba a hana matar nan sana'a ba. Amma wa za ta sayar wa? Bukukuwan da ta yi rajista duk an soke su. Ma'aikatu sun zama kufai. Ta kan kai motar bakin titi ta buɗe taga, ta yini ba ta ga mutum goma ba. Naman da ta saro ya fara lalacewa, ta raba wa maƙwabta. Banki kuma yana jiran kuɗinsa.

A gefe guda akwai wasu mutane da ba a ce su zauna gida ba. Su ne direbobin manyan kamiyo. Kusan kashi 7 cikin 10 na kayan da a ke ɗauka a Amurka, kamiyo ke ɗaukarsu. Abincin kanti, maganin likita, sabulu, takunkumin rufe hanci, duk a bayansu su ke. In sun tsaya kwana uku, kantuna sun bushe. Kamiyon yana da ƙafa 18, tsawonsa ya kai mita 20, da kaya ya kan kai tan 36. Direba ya kan yi kwanaki bai ga gida ba. A motar ya ke kwana.

Sai ga shi mai ɗaukar abincin ƙasa ya rasa abin da zai ci. Gidajen abinci da yawa sun rufe ƙofa, sun bar ƴar taga wadda ƙananan motoci ke bi suna saye. Kamiyo ba ya shiga wannan lungu. In direba ya sauka ya taka da ƙafa zuwa tagar, sau da yawa sai a ce masa ba a sayar wa mai ƙafa. A jihar Fensilbaniya ma hukuma ta rufe wuraren hutawa na bakin hanya gaba ɗaya. Direbobi suka yi kuka, cikin kwana kaɗan aka sake buɗe 13.

Waɗannan wuraren hutawa su ne tushen labarin. Fili ne na gwamnati a bakin babbar hanya. Akwai wurin ajiye mota, akwai ban ɗaki da ruwan sha. Amma ba mai tuwo, ba mai shayi, ba mai tsire. Doka ce ta hana, tun 1956, zamanin shugaba Eisenhower, lokacin da aka fara gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi. Dalilin dokar shi ne kada garuruwan da hanya ta kauce wa su mutu. An ce duk matafiyin da ke son abinci ko mai, ya sauka daga hanya ya shiga gari ya saya. Wasu tsofaffin hanyoyi na biya ne kawai aka ƙyale da kantunansu.

Ga mai abinci ba mai saye, ga mai yunwa ba abinci, doka ta tsaya tsakaninsu. Ran 3 ga Afrilu 2020 hukumar manyan hanyoyi ta ƙasa ta fitar da sanarwa. Ba ta soke dokar ba. Cewa ta yi za ta kau da ido muddin ana cikin halin gaggawa. Duk jihar da ta ga dama ta bar motocin abinci su tsaya a wuraren hutawa. Wasu jihohi suka ƙi, wasu suka yarda. Kalifoniya ta fara da izinin kwana 60. Ohayo ma ta yarda cikin wannan wata.

Takardar izinin kyauta ce. Matar nan ta neme ta ta intanet, ta buga, ta manna a gilashin mota inda kowa zai gani. Sharuɗɗan ba su da yawa. Dole mutum ya riga ya mallaki takardar ma'aikatan lafiya. Dole masu saye su ba juna rata, kamar mita 2. Wannan duk mai sauƙi ne. Amma akwai sharaɗi guda da ya tsaya mata a rai. An ce ba za ta sayar da lemun kwalba ba, ko ruwan kwalba, ko biskiti da sauran kayan ƙwalama na cikin leda. Abin sha guda aka yarda mata, shi ne kafe.

Duk mai sayar da abinci ya san inda riba ta ke. Nama yana da tsada, yana cin wuta da lokaci, in ya kwana ya lalace. Lemu kuwa ba a dafa shi, ba ya lalacewa, kuma duk wanda ya ci gasasshen nama sai ya nemi abin sha. Ta ga kamar an ba ta gona an hana ta gefen fadama. Mijinta ya ce mata da babu gara ba daɗi. Suka ɗora tukwane suka tafi.

Direbobi sun yi murna. Wani dattijo ya ce mata rabonsa da abinci mai zafi kwana huɗu ke nan, busasshen burodi ya ke ci da abin gwangwani. Ta kan ajiye ƙunshin a bakin taga ta ja baya, shi kuma ya matso ya ɗauka. Ba musafaha, ba doguwar hira. Kowa ya koma motarsa ya ci shi kaɗai. In wani ya tambayi lemu, sai ta nuna masa wani ɗaki da ke tsakiyar fili.

A cikin ɗakin akwai manyan akwatuna na ƙarfe masu gilashi, cike da lemu da biskiti. Ba mai tsaronsu. Mutum ya jefa kuɗi ta wata ƴar kafa, ya danna, kwalba ta faɗo. Matar ta ɗauka na wani babban kamfani ne. Sai wata safiya ta ga ƙaramar mota ta tsaya. Wani saurayi ya fito, ya kama hannun wani dattijo mai farar sanda. Suka buɗe akwatunan. Dattijon yana lalube da hannu yana jera kwalabe, yaron yana ƙirga kuɗi. Ba su daɗe suna ƙirga ba.

Ashe akwatunan na makafi ne. Tun 1936 Amurka ta yi wata doka wadda ta ba makafi fifiko wajen yin ƙaramin ciniki cikin gine-ginen gwamnati. A 1982 aka ƙara musu wuraren hutawa na bakin hanya. Akwatunan nan suna cikin ɗan cinikin da doka ta yarda da shi a wurin. Makaho yana cin guminsa, yana biyan haraji, ba ya bara. Kuma annobar ta buge shi kamar yadda ta bugi kowa. Gine-ginen gwamnati an rufe su, matafiya sun ragu ƙwarai. Da a ce motar abinci ta zo da lemu mai sanyi ta tsaya a ƙofarsa, da ɗan abin da ya rage masa ma ya tafi.

Wanda ya rubuta wannan sharaɗi ya yi tunani. Cikin gaggawa abu ne mai sauƙi hukuma ta tuna da mai ƙarfin murya ta manta da wanda ba ya iya zuwa ofis. Direbobi suna da ƙungiya, rediyo da talabijin suna maganarsu kullum. Makahon bakin hanya ba wanda ke maganarsa. Duk da haka aka ware masa rabonsa: dafaffe na mai mota, na kwalba da na leda na makaho. Kafe kuwa aka bar wa mai mota, don direban da zai kwana yana tuƙi ba ya rabuwa da shi.

Daga ranar matar ta daina ƙorafin lemu. In ta miƙa wa direba abinci, ita da kanta ke cewa ya shiga ɗakin nan ya sayi abin sha. Ba wai asarar ta daina yi mata zafi ba. Ta dai san aljihun da kuɗin ke shiga.

Ba kowa ya ji daɗin izinin ba. A mashigar garuruwa akwai manyan tashoshin kamiyo na ƴan kasuwa, masu sayar da mai da abinci da wurin wanka. Ƙungiyarsu ta yi ƙorafi. Suka ce su ba su rufe ba, suna biyan haya da haraji da albashin ma'aikata, ga shi an kawo wasu an ajiye kyauta a filin gwamnati. Maganarsu ba ta rasa gaskiya ba. Amma abin da su ke tsoro da gaske shi ne kada abin kwana kaɗan ya zauna. Sun san in aka buɗe ƙofa, mutane suka saba, rufe ta sai da rigima.

Ita ma matar ta yi wannan lissafi, amma ta ɗaya gefen. Cinikin bakin hanya bai kai na bukukuwa ba. Wata rana su sayar da duk abin da suka dafa, wata rana ruwan sama ya sauka su koma da rabi. Ga kuɗin mai zuwa da dawowa. Abin da suka samu ya biya banki, ya saka abinci a gida, bai wuce nan ba. Mijinta ya so su ƙara cin bashi su sayi mota ta biyu, su kama wuri biyu. Ta ƙi. Ta ce ya dubi takardar da ke manne a gilashi, an rubuta a kanta cewa ta ɗan lokaci ce. Zanen aro ba ya rufe katara. A nan ta fi shi gaskiya.

Ran 15 ga Mayu 2020 aka bar gidajen abinci na Ohayo su ajiye kujeru a waje. Ran 21 ga wata aka bar mutane su zauna ciki. Ba a daɗe ba hukumar hanyoyi ta jihar ta janye izinin. Direbobi suka koma tashoshinsu na da. Matar ta ɓare takardar daga gilashi.

Bukukuwa ba su dawo ba a wannan shekara. Sai ta kama shiga unguwanni, inda mutane ke zaune a gida sun gaji da girkin kansu. Ta kan sanar ta waya cewa ran kaza za ta tsaya a layi kaza. Mutane su aiko da abin da su ke so, su zo ɗaya bayan ɗaya su karɓa. Masu motocin abinci da yawa haka suka rayu. Wasu kuma ba su kai ba, suka sayar da motocinsu.

Cutar ta kashe mutum fiye da miliyan 1 a Amurka. Sai a 2023 aka ɗage halin gaggawa. Tsohuwar dokar 1956 tana nan ba a soke ta ba. Wanda ya tsaya a wurin hutawa na babbar hanya a Ohayo zai tarar da ban ɗaki, da ruwan sha, da akwatunan makafi. In abinci mai zafi ya ke so, sai ya sauka ya shiga gari.