Dajin Okomu, Inda Malam Yake Buɗe Littafinsa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƙwaron nan da yara suke bi da gudu suna kira malam-buɗe-littafi, saboda yadda yakan sauka bisa fure ya riƙa buɗe fukafukansa yana rufewa kamar malami da shafin littafi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi abin da ke zane a shafin. Wanda ke son dubawa, har ya ɗauki hotonsa kusa da kusa, to, wuraren da suka kai dajin Okomu na Jihar Edo a ƙasar nan ba su da yawa.

Okomu yana arewa maso yamma da birnin Benin, tafiyar wajen kilomita 60, ta garin Udo ake shiga. Tun kafin a isa, mutum zai yi ta wuce gonakin kwakwar manja da na roba, layi bayan layi, har ido ya gaji. Sa'an nan kurmi ya tare gaba, itatuwa sun haɗe kai a sama, rana tsaka ta koma kamar almuru. A 1999 ne aka mai da shi gandun daji na tarayya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 200, watau ɗan abin da ya rage daga gandun da ya wuce 1,000. Akwai giwayen kurmi a ciki, da birin nan mai farin maƙogwaro, amma sai mai sa'a ke ganinsu. Malam-buɗe-littafi kuwa, an ƙiyasta ire-irensa a nan sun wuce 700, kusan rabin waɗanda masanin nan Torben Larsen ya tattara a littafinsa na 2005 kan Afirka ta Yamma baki ɗaya.

Sabon shiga yakan zaci cikin duhun kurmi zai kutsa. A'a. Bakin hanyar mota ce wurin aiki, inda rana ke ratsowa, da kuma gefen rafi inda yashi ke da laima. Nan mazan suke taruwa da hantsi, wani lokaci gommai a wuri guda, suna tsotsar gishirin da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma idan sun duƙufa kan sha ba su cika kula da mutum ba. Akwai wani dangi da masana ke kira Charaxes, masu kaurin jiki da gudu kamar kibiya, waɗanda can ƙololuwar itace suke zama, fure bai dame su ba. Maganinsu ayaba ce wadda ta ruɓe ta fara tsami. A shafa ta a kututture, a koma gefe a zauna. In sun sauko sun sha, sukan yi laushi har a kai kyamara taki guda da su. Mai karatu ya yi mini gafara, kashin dabba ma yana jawo su fiye da ayabar.

Game da kyamara, abin da ke ba kowa wuya shi ne, gwargwadon matsowarka gwargwadon ƙanƙancewar wurin da zai fito tar a hoto, har yakan zama bai fi kaurin ashana ba. Don haka sai ka durƙusa ka daidaita da ƙwaron, ka sa fuskar kyamara ta yi daidai da shimfiɗar fiffike, kada ta karkace, sa'an nan ka saita a kan idonsa. In ido ya fito, an gafarta wa sauran. Masu babbar kyamara sukan sa gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa mai tsawon milimita 90 zuwa 105, domin yana ba da damar tsayawa ɗan nesa, su tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8 ko 11, su sa saurin ƙiftawa kada ya gaza kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa. A inuwar Okomu wannan ba ya yiwuwa sai da ɗan hasken fitilar kyamara, a rage mata ƙarfi. Mai wayar hannu ma ba a bar shi baya ba, sai dai shi dole ya matsa ƙwarai, haƙurinsa kuwa ya ninka.

Abu biyu ke korar malam: motsi na farat ɗaya, da inuwar mutum in ta faɗa kansa. Kama shi da hannu kuwa ɓarna ce, gama launin nan ƙananan ɓawo ne jere kamar rufin kwano, taɓawa kaɗan sai su zube a yatsa kamar hoda. A kuma yi ƙoƙari a sami hoton cikin fiffike da bayansa, don sau da yawa da zanen ƙasan ake rarrabe iri biyu masu kama da juna.

Ni a ganina, hoton da aka rubuta ranarsa da wurinsa ya fi wanda ya fi shi kyau amma ba a san inda aka ɗauke shi ba. Masu saran itace ba bisa ƙa'ida ba da masu neman gona sun daɗe suna cin gefen Okomu, kuma yawancin ire-iren nan na kurmi ba sa rayuwa a gonar kwakwa, domin tsutsar kowanne da irin ganyen da take ci. Masana suna amfani da hotunan da mutane ke sawa a manhajar iNaturalist wajen sanin abin da ya rage da abin da ya ɓace.

Kafin a kashe kuɗin mota zuwa Edo, ya kamata hannu ya faɗa tun a gida. Tumfafiyar bayan gari ita ce makarantar farko, don a kanta wani malam mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari yake yin ƙwai. Tsutsarsa na cin ganyen ta ɗebi dafinsa, tsuntsaye suna ƙinsa, shi ya sa yake tashi a hankali ba ya tsoro. Wani kuma babba, baƙi mai ɗigon rawaya, yana kewaya bishiyar lemo. A fita da sassafe a ƙarshen damina, lokacin da sanyin raɓa bai sake su ba, za a same su sun baje fukafukai suna shan hantsi.